Riya ne shugaba ya yi murna da ɗan ci gaban da ya samu?

Malam, ka ce kana jagorantar ƙungiyar 'yan albasa a Sakkwato, gajiya ta yi maka yawa, kuma kana tsoron murna da ƙananan nasarori kada ta zama riya.

Riya ita ce yin aiki don a gani. Godiya daban ce, ayar ƙarshe ta Suratud Duha ma umarni ta yi da a faɗi ni'imar Ubangiji. Shugaban da ba ya ganin komai sai abin da ya rage, zuciyarsa ke fara mutuwa, na ƙasa da shi su biyo baya.

Ka samu ɗan littafi. Kowace Juma'a rubuta abin da ya yiwu: rikicin dillalai biyu da ka sasanta, kuɗin ƙungiya da suka shigo kan lokaci, mota da ta isa Kudu kaya bai ruɓe ba. A taro ka faɗa, ka ambaci waɗanda suka yi wahalar.

Kada dai kai kaɗai ka haɗiye yabon, kuma kada a taɓa asusun ƙungiya don walima. Shayi da addu'a sun isa.

In rashin barci da ƙuncin rai suka wuce mako biyu, wannan ya fi ƙarfin littafi. Ka ga likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware.