Aji mai ɗalibai 78 da waya guda: abin da na gwada a Tawa

Assalamu alaikum. Malama, na ga tambayarki tun jiya da dare, inda kika ce an tura ki wata koleji a bakin Yamai, ajinki ya cika maƙil, wuta na zuwa tana tafiya, kina so ki san ko su Kahoot ɗin da aka nuna muku wajen horo za su yi amfani ko ɓata lokaci ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da fizik da shimi a nan Tawa, kuma na sha wuyar wannan abu kafin na gane kansa, shi ya sa na zauna in ba ki amsa a tsanake.

Da Kahoot na fara, wato wasan tambaya da amsa da ake yi ta waya, bayan an sake buɗe makarantu a watan Yunin 2020 lokacin korona. A Norwe aka ƙirƙiro shi a 2013, kuma an gina shi ne bisa tunanin kowane ɗalibi na riƙe da na'urarsa, ga intanet mai ƙarfi. Na roƙi yara su aro wayoyin gida. Cikin 78, waya goma sha ɗaya ta zo, biyu kawai a hannun ƴan mata. Na sayi mega na jika guda na raba musu daga wayata. Rabin awa ta tafi wajen shigar da lambar wasa, rezo na ta juyi. Da aka fara, aji ya kaure da ihu, kowa na murna, ni ma na ɗauka na yi abin kirki. Sai da na koma gida na tuna da wata yarinya a bencin baya, mai ƙoƙari ce ƙwarai, ta naɗe hannu tana kallo har aka tashi. Abin ya tsaya mini a rai. Ga kuma wani aibin: wasan yana ba mai sauri maki fiye da mai jinkiri, alhali yaranmu da yawa sai sun karanta tambayar da Faransanci sun juya ta zuwa Hausa ko Tamajeƙ a kansu kafin su amsa. Wanda ya san amsa amma yake karatu a hankali, shi ne ke zuwa ƙarshe.

Abin da ya karɓe ni shi ne Plickers. Waya ɗaya yake buƙata, taki. Kina buga katuna a takarda, kowane na da wani zane baƙi mai kusurwa huɗu, kowane gefe da harafinsa, A, B, C, D, an rubuta ƙanana yadda na kusa ba zai leƙa ba. Ki rubuta tambaya a allo da alli kamar kullum, yaro ya juya gefen da ya zaɓa sama ya ɗaga, ke kuma ki bi aji da kyamarar waya. Kafin minti guda kin san wa ya zaɓi me, da sunansa. Katunan ba su wuce 63 ba, don haka na haɗa yara biyu-biyu a kati guda. Da farko na ɗauke shi a matsayin dole, daga baya na ga alheri ne, domin sai sun yi gardama sun daidaita kafin su ɗaga, kuma a cikin gardamar nan ake koyon darasin.

Bari in ba ki misalin da ya sa na riƙe shi. Na gama darasin kewayen lantarki, na tambaya ko an gane, aji duka ya ce "eh, mushe". Sai na zana ƙwan lantarki biyu iri ɗaya a jere kan wayar wuta guda da batir, na tambayi wanne zai fi haske. Fiye da rabin katunan suka ce na farko, wai shi ke fara shan wutar, na biyu ya samu saura. Shekara nawa ina koyar da wannan darasi, ban taɓa sanin haka suke tunani ba, sai dai in ga sifili a takardun jarrabawa in ce ba sa karatu. Mai ɗaga hannu a aji mutum biyar ne ko shida, kullum su ne, sauran saba'in ɗin ba ka jin muryarsu sai ranar da gyara ya wuce.

A nan ne PhET ya shigo, wato tarin gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a kan kwamfuta. Jami'ar Kolorado ta Amurka ce ke yin sa, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel ta fizik a 2001 ya kafa shi a 2002. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, kuma ana sauke gwaje-gwajen a ajiye su yi aiki ba intanet. Mu da ba mu da ɗakin gwaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Majigi ɗaya ke makarantarmu, kuma a zafin Afrilu da Mayu ba a dogara da wuta, don haka nakan cika batirin kwamfutata a gida, in kira yara goma-goma su kewaye tebur, sauran na aikin da na bar musu a allo. Ba na taɓa komai sai sun rubuta hasashensu a littafi. Sannan ɗaya daga cikinsu, ba ni ba, ya haɗa ƙwan biyu, ya sa ma'aunin wuta gaba da baya, su ga lamba ɗaya ce. Idan kika nuna musu ba tare da hasashen nan ba, sun kalli fim ne kawai. In lissafi kike koyarwa, GeoGebra ma na aiki ba rezo.

WhatsApp kuwa na daina ba da aikin gida ta nan. Wayar ta uba ce ko ta yaya, tana kasuwa ko tasha har dare.

Ki sanar da darakta kafin ki fara ɗaga waya a aji, ki nuna masa ba hoton yara kike ɗauka ba, domin magana na saurin kaiwa ga iyaye. Tambaya uku ta isa a darasi guda, ki sa amsoshin kuskuren su zama irin kuskuren da yara ke yi da gaske. Katunan ki buga a takarda mai kauri, kada a sa musu leda mai sheƙi, hasken taga na hana waya karanta su. Nawa ina tattarawa bayan kowane darasi in sa a ambulan saboda ƙurar hunturu. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen Disamba zan shigo Yamai, ki tanadi kile na USB, in zuba miki gwaje-gwajen da na sauke da tambayoyin da na tara na aji uku da na huɗu.