Tambaya da Amsa: Waƙoƙin Jana'izar Coci na Turai

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ci karo da wata waƙa a YouTube wai ita Lacrimosa, muryoyi da yawa kamar ana kuka, aka ce Mozart ne ya rubuta wa kansa waƙar jana'iza kuma wai guba aka ba shi. Da gaske ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, labarin akwai gaskiya akwai kuma ƙarin gishiri. Abin da ka ji ɗan yanki ne na Requiem, wato waƙoƙin da ake rerawa da Latin a addu'ar Mas ta mamata a cocin Katolika. A 1791 wani ɗan aike ya je wurin Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, a birnin Viyana na Austiriya da kwangila, ya biya kafin alƙalami amma ya ƙi faɗin wanda ya turo shi. Ashe wani basarake ne mai suna Franz von Walsegg, matarsa ta rasu a farkon shekarar, shi kuma mutumin yana da wani hali, sai ya sayi waƙa ya kwafe ta da hannunsa ya nuna wa baƙi kamar shi ya tsara, ka ji fa son a sani. Mozart ya rasu ranar 5 ga Disamba 1791 yana da shekara 35, aikin bai kammala ba, ita Lacrimosa ɗin ma gaɓa takwas na farko kawai ya rubuta. Matarsa Constanze ga bashi ga yara biyu ƙanana, tana son cikon kuɗin, sai ta ba wani mataimakin Mozart mai suna Süssmayr ya ƙarasa aka miƙa shiru. Maganar guba kam tsohuwar jita-jita ce da aka laƙaba wa Salieri, wani mai tsara kiɗa ɗan Italiya da ke Viyana a lokacin, fim ɗin Amadeus na 1984 ya ƙara hura ta, amma masana tarihi ba su yarda ba. Zazzaɓi da kumburin jiki ne suka kwantar da shi.

Tambaya: Malam ni 'yar Katolika ce a Kafanchan, ina cikin kwaya tun ina yarinya, amma ban taɓa ji mun rera irin waɗannan a jana'iza ba. Me ya sa?

Amsa: 'Yar'uwa ba ku kaɗai ba ne, ko a Turai ɗin ma yawancinsu a zauren kiɗa ake jin su yanzu da tikiti. Sun yi wa jana'iza girma. Requiem ɗin Berlioz, Bafaranshe, na 1837 sai an jera rukuni huɗu na masu busa ƙaho a kusurwoyi, ban da tarin ganguna. Na Verdi, ɗan Italiya, ya kai awa ɗaya da rabi, ya rubuta shi ne don marubuci Alessandro Manzoni, aka fara rera shi a cocin San Marco na Milan a 1874, ba a yi mako ba aka kai shi gidan wasan La Scala, har wasu suka riƙa cewa opera ce, wato wasan kwaikwayo na waƙa, ta sa rigar limamin coci. To wane iyali ne za su ɗauki wannan ɗawainiya gawa na jira?

Sannan bayan taron Vatican na biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika, 1962 zuwa 1965, an ba da damar yin Mas da harshen mutane, shi ya sa kuke rera naku da Hausa. Doguwar waƙar nan ta ranar hisabi, Dies irae, wadda Verdi ya cika da dukan babbar ganga har gaban mutum ya faɗi, ita ma an cire ta daga Mas ɗin jana'iza a sabon tsarin 1970.

Tambaya: Da wanne zan fara saurare? Daga wata malamar makaranta a Jos.

Amsa: Malama fara da na Fauré, Bafaranshe, wanda aka fara rerawa a cocin Madeleine ta Paris a 1888. Bai kai minti 40 ba, kuma ya tsallake kusan duk maganar azaba, ya tsaya kan roƙon hutu. Ni dai a wurina ya fi na Verdi shiga zuciya, kodayake masoya Verdi za su yi min ca. In ya miki sai ki nemi na Brahms, Bajamushe, na 1868, shi da Jamusanci yake, ayoyin Littafi Mai Tsarki ya zaɓo da kansa, kuma ya fi damuwa da lallashin waɗanda aka bari.