Kwarkwata a Kan Babbar Mace: Hukuncin Aski, Salla da Haramin Umra

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce, shekaruna 34, muna zaune a Shara Mansur a nan Makka. Wata guda ke nan ƙaramar 'yata ta kwaso kwarkwata daga makaranta, kafin in ankara ta kama ni. Ina da gashi mai cika da tsawo, ko tsifa sai ta cinye mini rabin yini. Na sayo magani a saidaliyya, wato kantin magani, na wanke kai sau ɗaya, bayan kwana goma abin ya dawo. Surukata ta ce in aske kan gaba ɗaya in huta, wata maƙwabciya kuma ta ce in jiƙa shi da kananzir ko fiya-fiya in ɗaure ya kwana. Kunya ta hana ni zuwa wurin mai kitso. Malam, ya halatta in aske? Yaya sallata, alhali wani lokaci nakan ga matacciyar a ɗankwalina? Kuma na yi niyyar umra a farkon Ramadan, saura mako uku. Me zan yi in na ɗaura harami tana nan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye miki, 'yar'uwa.

Ba ki kai matsayin da za ki aske kanki ba, kananzir da fiya-fiya kuwa haramun ne ki sa su a jikinki. Sallarki ta inganta. Mako ukun da ke gabanki kuma ya ishe ki ki rabu da ita kafin ki ɗaura harami, in kin bi abin da zan faɗa miki.

Zan fara da kunyar, domin ita ce ta sa abin mako biyu ya kai wata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A shekara ta 6 bayan hijira, a Hudaibiyya, wato wajen Shumaisi a tsohuwar hanyar Jidda, Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wurin Ka'abu ɗan Ujra yana hura wuta a ƙarƙashin tukunya, kwarkwata na zubowa a fuskarsa. Ya tambaye shi ko ƙwarin kansa na cutar da shi, ya ce e. Bai kyare shi ba, bai ce masa ƙazami ba, ya umarce shi ya yi aski ya ba da fansa, kuma a kansa aya ta 196 ta Suratul Baƙara ta yi bayanin wanda ke da cuta a kansa. Buhari da Muslim duk sun kawo labarin. Su ne kuma suka kawo rangwamen da aka yi wa Abdurrahman ɗan Aufu da Zubairu ɗan Awwam na sa rigar alhariri saboda ƙaiƙayi, a wata ruwayar aka ambaci kwarkwata da sunanta. Waɗannan biyun suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Likitoci ma abin da suke faɗa ke nan: kwarkwatar kai ba ruwanta da wanda ke wanka da wanda ba ya yi. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle, rarrafe take daga kai zuwa kai, shi ya sa uwar da ke kwana da 'yarta a matashi ɗaya ba ta tsira.

Batun aski. Akwai hadisin Aliyu (RA) a wurin Tirmizi da Nasa'i cewa an hana mace ta aske kanta. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, kuma ba a kansa kaɗai hukuncin ya tsaya ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito, cewa babu aski a kan mata, saisaye kawai ke kansu. A aikin hajji da umra, inda aski yake ibada kuma ya fi saisaye falala ga namiji, ba a shar'anta shi ga mace ba. To ina ga wajen ibada? Ga kuma kamanceceniya da maza a ciki. Daga nan malamai suka rabu, wasu suka ce makaruhi ne, wasu suka ce haramun, amma sun haɗu a kan cewa lalura tana buɗe ƙofar. Ibn Ƙudama ya kawo a cikin Al-Mugni cewa an tambayi Imam Ahmad game da macen da ta kasa kula da gashinta har ƙwari suka shiga cikinsa, ko za ta iya cire shi. Ya ce in don lalura ne, yana fatan babu laifi.

Don haka tambayar da ta rage ita ce, shin naki ya kai lalura? Ni a ganina bai kai ba. Lalura ita ce a gwada magani yadda ya kamata ya ƙi ci, ko kan ya yi gyambo da ruwa har likita ya ce ba za a iya jinyarsa ba sai an cire gashi. Ke kuwa wanki ɗaya kika yi. Surukarki ba mugunta take nufi ba, abin da suka taso suka gani ke nan, mu ma a makarantar allo aska ce maganinmu. Amma kan almajiri daban, kan matar aure daban. In cikar gashin ce ke hana mataji wucewa, ki rage tsawonsa zuwa kafaɗa ko wuya bayan kin yi shawara da maigidanki, tunda yana da hakki a adonki. Wannan ya halatta. Muslim ya ruwaito cewa matan Annabi (SAW) sun kasance suna rage gashinsu har ya zama kamar wafra, wato bai wuce kunnuwa da yawa ba. In kuma an kai ga lalurar ta gaskiya, ki aske, ba zunubi a kanki ba kaffara.

Kananzir da fiya-fiya kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Kananzir yana ƙona fatar kai, tururinsa yana shiga huhu, kuma mace mai shiga kicin ta tsaya gaban gas da turaren wuta a ɗaka ba ta da tabbacin kanta ba zai kama ba. Maganin ƙwari na feshi da na gona guba ne da fata ke tsotsa, musamman in an ɗaure kai da leda an kwana a ɗaki mai AC a rufe, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanyar. Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa. Wadda ta sa wa ƙaramar yarinya wannan abu, wani abu ya same ta, alhakin yana wuyanta. Ki sanar da maƙwabciyar taki wannan da lalama.

Abin da ya sa maganin naki bai ci ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Uwar kwarkwata tana yin kamar wata guda a kan mutum, tana zuba ƙwai wajen shida kowace rana, tana manna su da wani irin danƙo a gindin gashi dab da fata, an fi samunsu a ƙeya da bayan kunne. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, ɗan kuma ya balaga ya fara nasa ƙwan bayan wani kwana goman. Yawancin magunguna suna kashe mai rai, ƙwai da yawa kuma su tsira. Kin ga lissafin ya yi daidai da kwana goman da kika ce. Sai an maimaita wanki na biyu bayan kwana 7 zuwa 9, lokacin da ƙwan ya fashe amma 'ya'yan ba su fara haihuwa ba.

Ki koma saidaliyya ki gaya wa mai maganin wanne kika yi amfani da shi, ki kuma gaya masa in kina da ciki ko kina shayarwa. Mai sinadarin permethrin na kashi 1 cikin 100 minti 10 yake yi a kai a wanke, sai dai a wurare da yawa kwarkwata ta saba da shi. Mai dimeticone na kashi 4 ba guba ba ne, lulluɓe ta yake ya toshe mata kafar numfashi, ana barinsa awa 8 ko ya kwana a kai, kuma a nesanta kai da wuta muddin yana kai. Kowanne kika ɗauka, ki bi takardar da ke cikin kwalin. Inda masu gashi irin naki suke faɗuwa shi ne awo: kwalba ɗaya an yi ta ne don matsakaicin kai, ke sai biyu ko fiye, har sai kowane sili ya jiƙe tun daga gindi. Ki tsefe kitson duka tukuna. In akwai ƙarin gashi a ciki ki cire shi, dama ƙarin gashi yana da tasa maganar a shari'a, ba yau ba.

Sannan taza, wadda ita ce rabin aikin. Ki wanke kai, ki cika shi da man laushin gashi yana jiƙe, ki warware da babban mataji, ki raba shi gida takwas ko goma ki ɗaɗɗaure. Sai a bi gida-gida da matajin kwarkwata na ƙarfe mai matsattsun haƙora, daga fata har ƙarshen gashi, ana goge shi a farin ƙyalle bayan kowane ja. A yi haka ranar farko, da ta 5, da ta 9, da ta 13, a sake dubawa ranar 17. Ba za ki iya ganin ƙeyarki ba, dole ki nemi 'yar'uwa ko aminiya ta zauna miki, kuma wannan ba abin kunya ba ne: Abu Musal Ash'ari da bakinsa ya ba da labari cewa da ya sauka daga haraminsa ya je wurin wata mace daga danginsa ta duba masa kai. A duba kowa a gidan, duk wanda aka samu da mai rai a yi masa magani rana ɗaya da ke, in ba haka ba za ku yi ta miƙa wa juna. Ɗankwali da hijabi da rigar matashi na kwana biyun ƙarshe a wanke su da ruwan zafi na digiri 60, matajai a jiƙa su a ruwan zafi minti 10. Ba sai kin fesa wa gida komai ba, domin wadda ta bar kai ba ta wuce kwana biyu da rai. Lalle da ganyen magarya suna gyara gashi, amma kada ki dogara da su a nan. Mai kitso kuma ki dakata da zuwa wurinta har ki warke, saboda hakkin matan da za su zauna bayanki.

Kashe ta halal ne ga wanda ba ya cikin harami, ko da a cikin hurumin Makka, domin ba farauta ba ce, mai cutarwa ce. Abu ɗaya: kada a watsa ta a garwashi kamar yadda tsofaffinmu ke yi don a ji ƙarar fashewarta. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya faɗa a Risala cewa an karhanta kashe kwarkwata da ƙuma da wuta. Murtsuke ta, ko ki kora ta da ruwa.

Salla. Mai rai tsarkakakkiya ce, ba ta ɓata komai. Matacciyar, mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya najasa ce, haka Shehu Halil ya kawo a Muhtasar, Sahnun kuwa ya ce mai tsarki ce. Masu sharhi sun yi rangwame a kan biyu zuwa uku saboda wahalar kiyayewa, haka ma mataccen ƙwai. Wadda kika gani ki kakkaɓe ta ki yi sallarki, wadda ba ki gani ba ba a ɗora miki bincikenta ba, sallolin da suka wuce kuma babu ramuwa. Ɗan jinin susa ma an yafe shi. Game da maganin da ke kwana a kai, mafi sauƙi ki sa shi bayan isha'i ki wanke kafin asuba. In alwala ta kama ki yana kai, ki yi shafa a kansa, ta wadatar. Ibn Umar ya ga Annabi (SAW) ya ɗaura harami yana mai danƙare gashinsa, wanda ake yi da ƙaro ko makamancinsa don kada kai ya yi buzu-buzu ƙwari su shiga, ya kuma zauna a haka tun daga Zul Hulaifa har ranar layya yana alwala. Wankan wajibi ne kaɗai ke bukatar ki wanke maganin ruwa ya kai fata.

Sai umra. In kin fara gobe, ranar 17 za ta zo kafin a ga wata. In kuma ranar ta zo kika ga mai rai, ki jinkirta. Ke 'yar gari ce, Tan'im, inda mazauna Makka ke fita su ɗaura haramin umra, na bayan gidanki, kuma falalar umrar Ramadan da ta zo a hadisi ba a keɓe ta da goman farko ba. Dalilin da ya sa nake cewa ki gama kafin harami shi ne, da zarar kin yi niyya hukuncin ya canza. Malikiyya sun hana mai harami kashe kwarkwata da jefar da ita da shafa wa kai mai. Wanda ya kashe ɗaya ko 'yan kaɗan zai ciyar da cikin tafin hannu na abinci, in sun yi yawa sai cikakkiyar fansa. Hambalawa, waɗanda littattafansu aka fi karantarwa a ƙasar nan, su ma sun hana amma ba su ɗora fansa a kan kisan ba, wasu malaman kuma sun halatta gaba ɗaya. Fansar ita ce ta hadisin Ka'abu, zaɓi ne cikin uku: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6 kowanne rabin sa'i, wanda ake ƙiyasta shi da kusan kilo ɗaya da rabi na shinkafa, ko yanka akuya ko tunkiya.

In an ƙaddara kin gano ta bayan kin ɗaura harami, umra 'yan awoyi ce. Ki daure ki gama ɗawafi da sa'ayi, ki rage gwargwadon gaɓar yatsa daga gashinki, ki koma gida ki ɗauko mataji. Susa ba ta cikin abin da aka hana ki. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an tambayi Nana A'isha (RA) ko mai harami zai sosa jikinsa, ta ce ya sosa da ƙarfi ma, da za a ɗaure hannayenta ba ta samu komai ba sai ƙafafunta, da ta sosa da su. A kai dai ki yi da cikin yatsu a hankali don kada gashi ya tsinke, abin da ya faɗo da kansa kuma babu komai a kanki.

In bayan wanki biyu da taza huɗu har yanzu kina ganin mai rai, ko kan ya fara ƙuraje masu ruwa, ko kika ji kaluluwa a wuya, ki je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, likita ya duba, akwai wasu magungunan da sai da takardarsa ake bayarwa.

Wallahu a'alam.