Amsa ga mai son karatun lissafin ninke takarda

Ƙanena, bayan gaisuwa, na karanta tambayarka a kan ko ninke takarda, wanda a nan Japan ake kira origami, zai iya zama karatun jami'a ko kuwa wasan yara ne kawai. Ilimi ne mai zurfi, amma ƙofar shigarsa lissafi ce.

Ka ninke takarda ta yadda za ta kwanta a shimfiɗe, sannan ka buɗe ta ka dubi ɗigon da layukan ninki suka haɗu a tsakiya. Idan ka tara kusurwoyin da ke kewaye da shi, kana ɗaukar ɗaya kana tsallake ɗaya, digiri 180 za ka samu daidai, kuma wannan ita ce ƙa'idar Kawasaki. Ƙa'idar Maekawa kuma ta ce a wannan ɗigon, bambancin adadin layukan da suka yi tudu da waɗanda suka yi kwari biyu ne a ko da yaushe.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne raba kusurwa gida uku. A shekarar 1837 Pierre Wantzel na Faransa ya tabbatar da cewa ba kowace kusurwa ce kamfas na zana da'ira da rula marar alamomi za su iya rabawa gida uku daidai ba, amma takarda tana iyawa. Dalili kuwa shi ne abin da Margherita Beloch ta Italiya ta nuna a 1936, cewa ninki guda da ke ɗora ɗigo biyu a kan layuka biyu lokaci ɗaya yana warware lissafin aljebra mai mataki na uku, irin wanda raba kusurwa gida uku ke buƙata, alhali kamfas a mataki na biyu ya tsaya. Injiniyoyi ma sun amfana, domin da salon ninkin da masanin Japan Koryo Miura ya ƙirƙiro aka naɗe allon sola da Japan ta aika sararin samaniya a 1995.

Saboda haka ka nemi gurbi a sashen lissafi, kimiyyar kwamfuta ko injiniyanci, ka ƙware a aljebra da lissafin siffofi, ka koyi rubuta manhaja. Tomohiro Tachi na Jami'ar Tokiyo da Erik Demaine na jami'ar MIT a Amurka suna bincike a wannan fage. Idan za ka rubuta wa malami irinsu, ka haɗa da hujjar ƙa'idar Kawasaki da ka warware da kanka, domin a ganina za ta fi hotunan siffofin da ka ninke nauyi a wurinsa.