Muryar Yaya Injiniya kan yin SIWES a kamfanin sanyaya gine-gine a Legas

(Na rubuta muryar ne saboda masu ƙarancin data. Tambayar da aka yi a gurup: wani ƙaninmu ɗan aji huɗu a mekanikal ya samu gurbin SIWES, wato horon aiki na wata shida da ɗalibai ke yi a masana'antu, a kamfanin da ke haɗa esi da famfo da kayan kashe gobara a manyan gine-gine a nan Legas, yana tambaya ko ya karɓa ko ya jira na kamfanin mai.)

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar motoci, ina cikin goslo ne a kan gadar Tad Menlan. Ƙanena na ji tambayarka, kuma ni dai shawarata ka karɓa kawai, ka karɓa tun kafin su ba wani. Kamfanin mai kowa shi yake hange, amma yara da yawa suna gama wata shidan nan a ofis suna fotokofi, alhali ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, da ta kafa SIWES ɗin nan tun 1973 manufarta ɗalibi ya taɓa ƙarfe da hannunsa ne.

Ni ma irin wurin na yi nawa, a wani bene da ake ginawa a Biktoriya Ailan, to bari in gaya maka abin da za ka tarar. Babban gini ba a sanyaya shi da wannan esin bango na gida, a'a, akwai inji babba da ake ce wa cila, shi ke sanyaya ruwa ya kai kamar digiri 7, famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa kowane hawa, can ya bi ta cikin kwayil, wato siririn bututu da aka nannaɗe, fanka ta hura iska a kai, sai ruwan ya dawo yana kamar digiri 12, a sake. Tamodainamiks ɗin nan, darasin zafi da sanyi da ake ta wahalar da ku da shi a aji uku, wallahi ranar da ka tsaya gaban ma'aunin zafin ruwan nan biyu, na shiga da na fita, ranar za ka gane shi.

To amma ga inda nake so ka buɗe kunne. Mu da muka taso a Kano ko Zariya mun saba zafi shi ne matsala, rana ta wuce digiri 40 a watan Afrilu, iska a bushe ƙayau. A Legas da ƙyar zafin ke wuce 33, laima ce abokiyar gaba, iskar nan jiƙe take sharkaf, sau da yawa danshinta ya haura kashi 80 cikin ɗari, kuma rabin wahalar injin matse ruwan nan daga iska ne. Shi ya sa in maigida ya ce a sa masa inji ƙato don ya fi sanyi, injiniya na ƙwarai zai hana shi, saboda ƙaton inji nan da nan zai sanyaya ɗaki ya ɗauke, bai yi aikin da zai tsotse laima ba, sai ka shiga ofis ga sanyi amma jikinka na danƙo, takardu sun yi laushi, bayan kabad ya yi baƙin fumfuna. Na ga silin sabo fil a hawa na tara da ya yi taswira ruwan kasa, aka yi ta zargin mai famfo, da aka cire allo ɗaya aka haska tocila sai ga shi wajen wani gwiwar bututun ruwan sanyi ne aka bar tazarar yatsa biyu ba a naɗe da soso ba, bututun na ta zufa kamar randa, ɗis ɗis a kan silin. Ɗan wurin nan kaɗai ya jawo aka sauke silin ɗakin gaba ɗaya.

Ga kuma gishirin teku, duk injin da ke kan rufi a Leki ko Ailan in ba a shafe kwayil ɗinsa da maganin tsatsa ba, 'yan shekaru kaɗan za ka taɓa shi yana marmashewa.

Ɓangaren gobara ma za su zagaya da kai, famfo uku ne, ƙarami mai riƙe ƙarfin ruwa, na lantarki, da na dizal saboda in an ɗauke wuta, sannan 'yan kawunan nan na silin masu jar kwalba, zafi na kai digiri 68 take fashewa ruwa ya zubo.

Game da mutane kuwa, ka manne wa tsofaffin teknishan, ka gaishe su da kyau, Yarbawa suna son girmamawa ƙwarai, ka ɗan rusuna ka ce Oga, ka ɗaukar masa jakar sifana. Mutumin da bai je jami'a ba zai ɗora tsinin sukundireba a jikin famfo ya kara kunne a ƙotar ya ce maka boris ya kusa tafiya, kuma haka ne. In akwai ofishin zane ka roƙa su zaunar da kai gaban manhajar zane ta AutoCAD ko Revit ko da ranar Juma'a ce kawai, don yawancin rigimar sayit daga zane take, bututun iska ya zo wucewa ya ci karo da bim na kankare, mai lantarki ya ce shi ya riga zuwa.

Kuɗi kada ka sa rai sosai, abin da za su ba ka da ƙyar ya ishe ka mota. Masauki kuma in kana da ɗan'uwa a Obalende ko Idi Araba ka lallaɓa can, don daga Agege zuwa Ailan kullum sai ka fito tun kafin asuba. Ka taho da takalmin sayit naka mai ƙarfe a baki, hular kwano su za su bayar. Logbuk ɗinka, wato littafin rubuta aikin da ka yi, ka riƙa cikawa duk yamma da ɗan zanen abin da ka gani, safabaiza ya sa hannu duk sati, kar ka bari sai ƙarshe don mutanen nan ana yawan canja musu sayit. To hanya ta buɗe, in ka iso ka kira ni.