Guntayen kayan jarumai mata a wasannin faɗa: suna da amfani kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko guntayen kayan da ake sa wa jarumai mata a wasannin bidiyo suna da amfani a fagen daga. Ba su da shi. Talla ce, don jan hankalin samari masu saye.

Duba sulken da ake ƙerawa da siffar nono. Sulken ƙirji na gaske da doro ake yin sa, domin takobi ko mashi ya zame ya wuce gefe. In aka yi masa kwari a tsakiya, saran zai tattaru ne kan ƙashin ƙirji. Balle a bar cinya a buɗe, alhali babbar jijiyar jini ta nan take bi, in aka yanke ta mutum na iya mutuwa cikin 'yan mintuna.

Uzurin da masu ƙirƙirar wasannin suke kawowa ya fi ɓata min rai. A wasan Metal Gear Solid V na 2015 an bar wata jaruma mai suna Quiet kusan tsirara, wai ta fata take numfashi. Su fa suka rubuta labarin, su suka ƙago dalilin!

An kuma gwada akasin haka ya karɓu. Jaruma Lara Croft ta koma dogon wando a wasan Tomb Raider na 2013, wasan Mortal Kombat 11 na 2019 ya suturta jarumai mata irin su Kitana fiye da Mortal Kombat na 2011, kuma duka biyun sun yi kasuwa sosai.