Tambaya da Amsa: Abincin taro da ke ƙarewa a bola

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni aka ɗora wa shirya taron shekara na ƙungiyarmu, kuma mutum wajen 200 muke sa rai. Bara da aka tashi, da idona na ga ana juye farantai cike da abinci a buhun shara, ga gorunan ruwa ko'ina, an kurɓa sau ɗaya an ajiye. Abin ya tsaya mini a rai. Amma ina tsoron in rage girki, abinci ya yanke ana tsakiyar taro, a ce na yi rowa. Yaya zan yi?
Daga wata mai karatu

Amsa: Ƙanwata, wannan tsoron naki shi ke cika buhun shara a kusan kowane taro. Ba a taɓa zagin wanda abincinsa ya yi saura, amma wanda nasa ya yanke sai a shekara ana labarinsa. Shi ya sa mai shirya taro ke ƙara kai ashirin a lissafi, mai girki ta ƙara nata a kan ƙarin, mai rabo kuma ya tula. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a 2022 kaɗai an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 28 cikin 100 daga wajen masu dafa wa jama'a ya fito.

Ni ba zan ce ki rage girki sosai ba. Zubi za ki rage. Abincin da ke cikin kula a rufe yana da sauran amfani, ana iya bayarwa, ana iya ajiyewa. Wanda ya hau faranti aka tsakura aka ture, wannan ya tafi ke nan, ba wanda za ki miƙa wa shi. Don haka ludayin mai rabo za ki sa wa ido.

Ki tara masu rabon kafin baƙi su iso, ki zuba faranti ɗaya a gabansu, ki ce haka nake so. Madaidaici, ba tudu ba. Yara kuma rabin wannan. Sannan mai gabatarwa ya faɗa a lasifika cewa akwai ƙari, duk mai so ya dawo. Wannan kalmar ce ke cire miki sunan rowa, ita ce kuma ke hana mutum ya ce a cika masa don gudun kada ya rasa daga baya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To ban da idon mai jin yunwa a kan layin abinci. Wasu masu bincike a Norway sun gwada wannan a otal-otal, suka wallafa a 2013. Da aka rage faɗin faranti daga santimita 24 zuwa 21, abincin da ake zubarwa ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Inda aka kafa ɗan allo mai cewa a dawo a ƙara, shi ma kusan haka aka samu, baƙin kuwa gamsuwarsu ba ta ragu ba.

Kada a buɗe kuloli duka lokaci guda. Sai ɗaya ta ƙare a buɗe ta gaba. Kwana uku ko huɗu kafin taro ki tuntuɓi mutane ki ji wa zai zo, ki ba mai girki wannan adadin, ki gaya mata kin riga kin saka rara.

Maganar saura kuwa, tun yanzu ake yanke ta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Ko ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Jawaban taro kuwa kin san ba sa ƙarewa a kan lokaci. Ki ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai wannan, da mazubai masu murfi a hannunsa, ya kuma san inda zai kai, su ma can sun san yana zuwa. Abincin da ya fara tsami ba kyauta ba ne, ciwon ciki ne kika raba.

Ruwa ya fi sauƙi. Manyan mazubai masu famfo da kofuna na wankewa sun fi gorar roba nesa. In dole sai gora, ki sayi ƙanana, ki ajiye alƙalamin maka kowa ya rubuta sunansa a jikin gorarsa, domin yawancin waɗanda kika gani a bara masu su ne suka kasa gane nasu suka ɗauki sabbi. Kada kofin takarda ya ruɗe ki, akasarinsu an shimfiɗa musu siririyar leda a ciki, shi ya sa sake sarrafa su ke da wuya. Robar ma, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD ta ce kashi 9 cikin 100 kacal na shararta ake sake sarrafawa a duniya.

Farantin haya yana son ruwa da masu wanki, ki tanade su kafin ki yi alkawari. Kwandunan shara kuma ki jera su wuri ɗaya, na ragowar abinci da na roba, da mutum tsaye yana nunawa, domin kwandon da aka bari shi kaɗai a lungu komai zai sha. Allon sanarwar taron kada a buga masa shekara, sai ki naɗe shi ki ba wanda zai shirya na baɗi.